Wa Ke Riƙe Da Tiya? Tarihin Masu Bincike Da Masu Taɓin Hankali

Ya kai mai karatu, in ka kai hatsi kasuwar Magarya ko ta Dungas, ka san abin da kake fara dubawa. Kana duban tiya, kana kuma duban hannun mai awo. Tiya guda ce, amma awon mai saye daban, na mai sayarwa daban. To, riƙe wannan a zuciya, don labarinmu na yau labarin awo ne. Sai dai ba hatsi za a auna ba. Zaman da ke tsakanin likitoci masu bincike da mutanen da ke fama da taɓin hankali za a auna.

Babu garin da ba shi da irin wannan mara lafiya. Daga Bande har Waca, daga Malawa har Dogo-Dogo, kowa ya san gidan da abin ya taɓa. Mun san hanyoyin da ake bi: rubutun malam, saiwar boka, garayar ƴan bori. In abin ya gagara, sai turu ko mari. Sau da yawa dangi ba don ƙeta suke ɗaure nasu ba. Tsoron rijiya suke yi, da tsoron wuta, ga aikin gona yana jira. Amma ka taɓa jin an tambayi wanda aka ɗaure abin da yake so?

Zamanin mulkin Nasara ma ba a tambaye shi ba. A shekarar 1907 Turawan Ingila suka buɗe gidan mahaukata a Yaba, cikin Ikko. Wurin ya fi kama da gidan kaso da gidan likita. Ana kai mutum ne don jama'a su huta da shi. A can ƙasar Kenya kuwa, wani likita mai suna Carothers ya riƙe asibitin Mathari na Nairobi shekaru da dama. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafinsa a kan hankalin baƙar fata. Ciki ya ce baƙin mutum ba ya cika amfani da gaban ƙwaƙwalwarsa, kuma da wuya ciwon baƙin ciki mai tsanani ya kama shi.

Ina kuskuren ya fito? Waɗanda ake kai wa irin wannan asibiti, yawancinsu masu tada rigima ne da hukuma ta kamo. Matar da ta haihu ta daina cin tuwo, ta daina magana, tana kuka cikin ɗaki, wa zai kai ta? Ba ta dame kowa ba. Da ya shiga ƙauye ya zauna da mutane ya saurare su, da ya gamu da ita.

Wanda ya fara juya al'amarin ɗan Najeriya ne, Thomas Adeoye Lambo, haifaffen Abekuta a 1923. Ya yi karatun likita a Ingila, ya komo gida, aka ba shi asibitin Aro kusa da garinsu. A 1954 ya ɗauko wata dabara. Ya je wurin dattawan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, ya roƙe su su ba marasa lafiya masauki cikin gidajensu, a biya su kuɗin haya. Sharaɗi shi ne kowane mara lafiya ya zo da wani nasa, uwa ko ƴar'uwa ko inna, mai dafa masa abinci, mai wanke masa tufa. Da safe ya tafi asibiti a yi masa magani. In an gama ya komo ƙauye, ya shiga kasuwa, ya taɓa aiki kamar kowa. Babu katanga, babu kwaɗo a ƙofa.

Lambo bai tsaya nan ba. Ya jawo bokayen Yarabawa cikin aikin, abin da likitoci da yawa na lokacin suka ɗauka abin kunya. Dalilinsa a fili yake: mara lafiya ya riga ya yarda da su, kuma sun san sunan da mutane ke kiran kowane ciwo. A 1961 shi da wani Ba'amurke, Alexander Leighton na jami'ar Cornell, suka bi ƙauyukan Yarabawa suna tambayar mutane cikin harshensu. Littafin ya fito a 1963. Sun tarar damuwa da baƙin ciki suna nan da yawa, kamar yadda suke a ƙasar Turawa. Maganar Carothers ta faɗi. Daga baya Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya rasu a 2004.

A ƙasar Sanagal ma an yi makamancin haka. Wani likitan Faransa, Henri Collomb, ya riƙe sashen taɓin hankali na asibitin Fann a Dakar daga wajen 1959 zuwa 1978. Can aka kafa taron da ake kira penc da harshen Wolof, wato dandalin gari. Marasa lafiya da danginsu da likitoci su zauna wuri guda, kowa ya faɗi ta bakinsa.

Duk da haka, ni a ganina aikin bai cika ba. A Aro an shawarci dattawan ƙauye, an shawarci dangi da bokaye. Amma wa ya zaɓi tambayar da za a bincika? Likita. Wa ya rubuta littafin, ya ce magani ya yi kyau? Likita. Mai saye ne ya riƙe tiya, shi ne kuma ya faɗi awo.

Ga abin da ya faru ranar da tiya ta sake hannu. Akwai wani magani da ake yi da wutar lantarki a kai, an yi amfani da shi har a Aro. Likitoci sun daɗe suna cewa mafi yawan waɗanda aka yi wa sun ji daɗinsa. A 2001 aka kafa wani sashen bincike a wata babbar makarantar likitoci ta birnin Landan, inda masu binciken su kansu sun taɓa jinyar taɓin hankali. Ɗaya daga cikinsu, Diana Rose, ita da abokan aikinta suka tattara binciken da aka yi a kan wannan magani, suka fitar da sakamako a 2003. Sun ga cewa in likitan da ya yi maganin ne ke tambaya, tun mutum yana asibiti, masu cewa madalla sun fi yawa. In kuwa ƴan'uwansu masu jinya ne suka yi tambayar, bayan an koma gida, sai adadin ya ragu ƙwarai. Kuma aƙalla mutum ɗaya cikin uku ya ce maganin ya bar shi da mantuwa mai daɗewa. Wannan ba zai ba ka mamaki ba. Wa zai dubi idon wanda ke riƙe da mabuɗin ƙofa ya ce masa maganinka ya cuce ni? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya sami wanda ba ya tsoro kafin ya nuna wurin.

Saboda irin wannan ne masu bincike yanzu suke auna zamansu da marasa lafiya. Suna duba ko an zauna da mai ciwo tun ranar da za a zaɓi abin da za a bincika, ko kuwa sai da aka gama aka kira shi ɗaukar hoto. Suna duba ko an biya shi ladan yininsa. Babban ma'auni shi ne wannan: akwai abu ko guda da aka canza don shi ya ce a canza?

Haɗa hannu da masu maganin gargajiya ma an gwada shi da awo. A 2020 Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi. Inda ma'aikatan gidan likita suka riƙa ziyartar marasa lafiya a wurin bokaye da masu addu'a, bayan wata shida sun fi samun sauƙi.

Kada ka ce turu ya zama tarihi. A 2019 ƴan sanda suka buɗe wasu gidajen mari a Kaduna da Daura, nan maƙwabtanmu, suka fito da mutane da sarƙa a ƙafa. Sai a 2023 Najeriya ta sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali, a madadin ta 1958. Nijar kuwa tun 2008 ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kare haƙƙin naƙasassu, wadda ta haɗa da masu taɓin hankali, ta kuma hana a yi gwajin magani a kan mutum ba da yardarsa ba.

Wata shekara wasu baƙi suka zo ƙauyen da nake koyarwa da takardun tambaya. Suka shiga gidan wani ɗalibina, wanda ƙanensa ke fama da wannan ciwo. Suka yi ta tambayar yayan, ƙanen yana zaune a tabarma yana jin su, ba wanda ya ce masa sannu. Aka dangwala yatsa, mota ta tashi. Har yau ba mu ji abin da suka gano ba.

Kai yanzu ka iya karatu. In irin waɗannan baƙi suka zo gidanku, karɓi takardar ka karanta ta da kanka, ko a fassara maka ita da Hausa kafin ka sa hannu. Tambaye su wa ya aiko su, da ranar da za su komo su faɗa muku sakamako. Kana da ikon ka ce a'a, kuma wannan ba zai hana ku magani a gidan likita ba. In mara lafiyar yana cikin hayyacinsa ran nan, matsa gefe, ka ce su tambaye shi.