Daga Gatarin Dala Zuwa Injin Yankan Itace: Wanne Ya Cancanci Ajiya?

A ce yau an ba ka makullin wani ɗaki a Gidan Makama, aka ce ka shirya shi da kayan saran itace na ƙasar Kano tun daga farko har zuwa yau. Ka samu gatari, ka samu gizago, zarton kafinta ma yana nan. Saura gurbi ɗaya a jikin bango, ga kuma injinan yankan itace guda uku an dire maka. Ɗaya tsoho ne ɗan Jamus, mai nauyin da sai mutum biyu, wanda bai taɓa aiki a ƙasar nan ba. Na biyu sabo fil a kwali, mai aiki da batir. Na uku kuwa duk ya yi baƙi da mai, an ɗaure mariƙinsa da waya, irin wanda ake ɗorawa a bayan babur a shiga daji. Wanne za ka rataye?

Kafin ka amsa, mu leƙa Dala tukuna.

Gwajin da masana suka yi wa gawayin wani tsohon murhun narka tama a Dala ya nuna ana wannan sana'a a wurin tun wajen ƙarni na 7, wato ɗaruruwan shekaru kafin Bagauda. Tarihin baka ma ya tafi a kan haka: Abagayawa na cewa kakansu Kano maƙeri ne da ya taso daga Gaya neman tama. To, narka tama aiki ne mai cin gawayi, kuma maƙera sun fi son na itace mai tauri irin su ƙirya. Ka ga ke nan gatari na sare itacen da za a ƙona a fitar da ƙarfen da za a ƙera wani gatarin. Haka aka yi ta juyawa ƙarni bayan ƙarni.

Amma ina gaturan? A irin waɗannan wurare abin da masu tono suka fi samu shi ne kashin maƙera da ɓaraguzan murhu. Dalili kuwa, maƙeri ba ya yar da ƙarfe. Gatari in ya cinye sai ya koma wuta ya fito wuƙa, wuƙa ta koma allura ko basilla, abin da ya rage tsatsa ta ƙarasa shi. Kayan da aka fi mora su ne suka fi saurin ɓacewa, don ba wanda ke kallon su a matsayin tarihi lokacin da suke hannu. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shi injin yankan itace, asalinsa zai ba ka mamaki, domin daga ɗakin tiyata ya fito. A wajen shekarun 1780 wasu likitoci biyu a Sukotilan, John Aitken da James Jeffray, suka fito da 'yar sarƙa mai haƙora da ake ja da hannu don yanke ƙashi, har da buɗa ƙashin ƙugun mace in haihuwa ta gagara. A 1830 wani Bajamushe, Bernhard Heine, ya ɗora irin wannan sarƙa a kan faifan ƙarfe, ana murza ta da hannu tana zagayawa. Siffar injin yau ke nan, inji kawai ya rage a sa.

Sai da aka yi kusan shekara ɗari kafin abin ya shiga daji sosai. A 1926 Andreas Stihl ya ƙera mai aiki da lantarki, a 1927 Emil Lerp ya fito da mai shan fetur a ƙarƙashin sunan Dolmar, Stihl ma ya biyo da nasa mai fetur a 1929. Duk ƙatti ne, mutum biyu ke riƙewa. Injinka na farko daga wannan zuriya yake.

Wani abin da na fi so a tarihin nan ya faru ne a Amurka. Wani mai saran itace, Joseph Cox, ya tsaya yana kallon yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin kututture da haƙoranta biyu masu lanƙwasa, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Ya kwaikwayi wannan ya sake fasalin haƙoran sarƙa, ya fara sayarwa a 1947. Tsohuwar sarƙa karce itace take yi, ta Cox kuwa feƙe shi take kamar gizago, kuma ana iya wasa ta da magagari a tsakiyar daji. Yawancin sarƙoƙin da ke kasuwa har gobe jikokinta ne. Bayan nan nauyi ya yi ta raguwa, har a 1959 Stihl ya fitar da samfurin Contra na mutum ɗaya, a shekarar kuma kamfanin Husqvarna na Suwidin ya shigo sana'ar.

Daga Contra aka samu samfurin 070, kuma shi ne ya mamaye dazukan Afirka ta Yamma, shi da jabunsa da ake kwaikwaya a Sin. Me ya sa shi? Ba shi da tarkace. Ana gauraya masa fetur da baƙin mai kamar ƙaramin janareta, kuma bakaniken da ya iya janareta zai iya kwance shi ya mayar. Yana da ƙarfin da bayan kayar da bishiya, ana tsaga ta katako-katako nan take inda ta faɗi, ba sai an kai ta injin tsaga ba. Ɓarnar wannan hanya ita ce sarƙa na da kauri, kaso mai yawa na itacen a gari yake zubewa. Gana ta haramta tsaga katakon sayarwa da wannan inji a 1998, amma sana'ar ba ta mutu ba, don masu gini na neman katako mai araha.

Yanzu mu koma ɗakinka. Sabon mai batir cire shi, gobe ma yana kanti. Tsohon Bajamushen fa yana da jan hankali, kuma da a ce masu tara injina ne a Turai, shi za su yi wa rububi, don ya fi tsada ya fi wuyar samu. Sai dai gidajen tarihi a can sun riga sun ajiye irinsa, kuma ba shi da abin da zai faɗa a kan Kano.

Ni na ukun zan rataye. Shi ne ya mayar da aikin da masu gatari za su wuni suna yi ya koma na 'yan mintoci. Bishiyar da dā girmanta kaɗai ke kare ta, irin rimi da ɗorawa da maɗaci da tsamiya, yanzu ba ta gagarar mutum ɗaya. Duk mai son ya fahimci itacen girki da gawayin da ke shigowa birni a manyan motoci, ko tarin katakon 'Yan Katako ta Na'ibawa, sai ya fahimci wannan baƙin injin. Wayar da aka ɗaure mariƙinsa da ita da waldar da ke jikinsa kuwa, sa hannun masu gyara ne na nan gida, kamar dai yadda ake gane aikin maƙeri a jikin gatari.

Kuma shi ne ke cikin haɗari. Ranar da ya daina tashi, za a cire abin da ke da amfani a sa wa wani, gangar jikin a auna wa 'yan gwangwan a kilo, ta koma wuta. Hanyar da gaturan Dala suka bi ke nan sak.

In ka samu irinsa, kada ka wanke shi, kada ka yi masa fenti. Zuke man kawai, sannan ka zauna da mai shi da takarda da biro: a ina ya saya, nawa, asali ne ko jabu, wane daji ya yi aiki da shi, wace bishiya ce ta fi ba shi wuya, wa ke yi masa gyara, kuma dajin da ya fara shiga da shi, yau me ya rage a cikinsa.