Daga Ina Aka Fara Auna Tudun Gusau?

Mai karatu, idan ka buɗe littafin labarin ƙasa za ka tarar an rubuta cewa Gusau tana bisa tudu da kimanin mita 450 sama da teku. Ni dai tun ina ɗalibi wannan magana take ɗaure mini kai. Wane teku? Gusau ba ta ga teku ba, Tsafe ba ta gan shi ba, haka ma Bungudu. To wa ya kawo mana shi har ya auna mu da shi? Amsar tana da tarihi, kuma tarihin ya shafi gonarka da gidanka fiye da yadda kake zato.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin gini ya ga magini da robar lebur cike da ruwa, yana riƙe da baki ɗaya, yaronsa na riƙe da ɗaya bakin. Inda ruwan ya tsaya a nan, nan zai tsaya a can. Wannan ita ce hikimar da masu safiyo suka faɗaɗa ta game ƙasa baki ɗaya. Sai dai kowane awo yana bukatar mafari, wato wurin da za a ce nan ne sifiri. Turawan mulkin mallaka sun ɗauki nasu sifirin a gaɓar tekun Legas, inda suka riƙa lura da hawa da saukar ruwa har suka fitar da matsakaicinsa. Daga nan aka riƙa tahowa da awon a ƙafa, a kafa na'ura, a karanta sanda a baya, a karanta a gaba, a ɗaga a ƙara gaba, ana barin alamomi a jikin gadoji da turakun siminti.

Abin da ya matsa wa Turawa su san tudu da gangaren yankinmu shi ne jirgin ƙasa, domin shi ba ya hawan tudu mai tsanani. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, don kwasar gyaɗa da auduga. Kafin a shimfiɗa ƙarfe ko ɗaya sai da aka san inda za a yanke tudu da inda za a cike kwari. A daidai wannan zamani, a 1928, aka zaɓi wani turke a Minna mai lamba L40 ya zama cibiyar taswirorin Nijeriya. Ke nan Minna ke faɗa mana inda muke, tekun Legas kuma ke faɗa mana tsayinmu.

To ina matsalar take? Kowace ƙasa ta zaɓi tekunta. Ingila ta auna nata a Newlyn tsakanin 1915 da 1921, Faransa ta ɗauki na Marseille, Jamus ta jingina da na Amsterdam. Shi kuwa teku ba shimfiɗe yake daidai ko'ina ba, iska da zafi da gishiri da igiyar ruwa suna ɗaga shi a wani wuri, su saukar da shi a wani. Wannan ya taɓa ba Turawa kunya. Lokacin da ake gina gada a kan Kogin Rhine a garin Laufenburg, tsakanin Jamus da Suwizalan, wajen 2003, injiniyoyi sun san sifirin ƙasashen biyu ya saɓa da santimita 27. Amma da aka zo gyara lissafi sai aka juya shi ta baibai, saɓanin ya ninka ya zama santimita 54, dole aka gyara ɓangare ɗaya kafin gadar ta haɗu.

Kada mai karatu ya ce wannan rigimar Turai ce. Faransawa da suka mulki Nijar sun yi nasu awon daban, wanda bai faro daga Legas ba. Ga shi kuwa Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar, ya sake dawowa Nijeriya ya faɗa Gulbin Rima. Ruwa ba ruwansa da iyaka, gangare kawai ya sani. Idan ƙasashen biyu za su yi shawara kan madatsa ko ambaliya, dole su fara yarda da sifiri ɗaya.

A gida ma haka abin yake. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa, ya wuce Gusau da Bungudu, sannan ya taru a madatsar Bakolori da aka kammala a 1978. Layin tsayi da aka ja a takarda shi ya raba gonar da ruwa zai cinye da wadda zai bari, kuma rikicin diyyar da ya biyo baya ya kai ga asarar rayukan manoma a 1980. A ƙarshen watan Satumba na 2006 kuma madatsar Gusau ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta rushe ɗaruruwan gidaje. Ba kuskuren awo nake ɗora wa alhakin waɗannan ba. Abin da nake cewa shi ne, wanda zai faɗa wa mutane unguwar da ruwa zai fara shiga sai yana da awon tsayi da za a amince da shi.

Wani zai ce ai GPS ta raba gardama. Ba ta raba ba. Tauraron ɗan Adam yana auna tsayi ne daga wata siffar duniya mai sumul da aka ƙirƙira da lissafi, ruwa kuwa yana bin ƙarfin da ƙasa ke janyo abubuwa da shi, wanda ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A kudancin Indiya saɓanin awon biyu ya kai wajen mita 100, a ƙasarmu kuma wajen mita 20. Shi ya sa aka harba taurarin GRACE a 2002 da GOCE a 2009, don su auna wannan ƙarfi a duniya baki ɗaya.

Da wannan ilimi aka soma ɗinke ɓarakar. A ranar 26 ga Fabrairu 2015, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙudurin samar da ma'auni ɗaya na duniya, wanda tsibirin Fiji ya jagoranta, don su hauhawar teku batun rayuwa ne a wurinsu. A shekarar kuma ƙungiyar masana awon duniya ta IAG ta zartar da tsarin tsayi na bai ɗaya a taronta na birnin Prague, wanda sifirinsa bai dogara da gaɓar kowace ƙasa ba. A 2023 aka buɗe cibiyar Majalisar ta wannan fanni a Bonn. A nan gida, ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafa tashoshin NIGNET masu sauraron taurari dare da rana daga 2008, ciki har da na Zariya da Katsina da Birnin Kebbi, waɗanda suka sa Zamfara a tsakiya.

Amma duk wannan tsari ba zai amfani Gusau ba sai an haɗa sabon awon da tsofaffin alamomin da ke ƙasa, waɗanda aikin titi da gine-gine ke tumɓukewa ba tare da an san darajarsu ba. Don haka idan ka ga turken safiyo a bakin gonarka ko gefen hanyar Kwatarkwashi, kada ka farfasa shi don neman tsakuwa, kada ka bari yara su haƙe shi. Wataƙila shi ne igiyar da ta ɗaure garinku da tekun Legas, kuma da shi za a gwada sabon ma'aunin idan ya iso. Allah Ya kare mu daga sharrin ruwa, Ya ba mu alherinsa.