Ƴar ledar gyaɗa da ta sauya maganin tamowa

Wanda ya yi wayo a 2005 bai manta ba. Damanar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta bi sauran, tiyar hatsi ta fi ƙarfin talaka. Ana ta gardama ko yunwa ce ko ba yunwa ba, yara kuwa suna ramewa a Maradi, jahar da ake kira rumbun ƙasa.

Kafin lokacin, yaron da tamowa ta kama sosai sai a kwantar da shi likita kusan wata guda, ana dama mishi madara ta musamman wadda sai da ruwa mai tsabta. Uwa ta bar gona, ta bar sauran ɗiya a tsakiyar damana. Da yawa ba su zuwa, ni kam ban ga laifinsu ba.

A 1996 wasu Faransawa biyu, André Briend da Michel Lescanne, suka haɗa tunkuzar gyaɗa da garin madara, sukari, mai da bitamin cikin leda mai giram 92. Shi ne Plumpy'Nut. Ba a dafawa, ba a sa ruwa, a yage a ba yaro. A ƙasarmu aka fara gwada shi da yawan gaske: a 2005 ƙungiyar MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000, galibinsu a gida, uwa na zuwa awo sau ɗaya a sati. A 2007 OMS da UNICEF suka amince da wannan hanya ga duniya. Gyaɗar da Maradi ta daɗe tana lodawa zuwa Turai, ga ta ta komo a matsayin magani, har ana yin shi a Yamai.

Daga baya a Mirriya aka koya wa uwaye auna damtsen yaro da zaren nan mai kala uku. In ya nuna ja, a tafi CSI ranar.

Abin da ke damuna yau: ledar nan tana kan tebur a kasuwa, manya na sha da burodi. An ƙidaya ta ne daidai da nauyin yaro guda. In aka sayar da biyar, ko aka raba wa ƴan'uwa, ranar awo sikeli ba ya motsawa, a ce maganin bai yi ba.