Tsakanin Kano Da Legas Wacce Ta Fi Jama'a, Kuma Me Cunkoso Ya Jawo Mana?

Yau ina so ne mu ɗan waiwayi tarihi a kan musun nan da ba ya ƙarewa a majalisunmu, wato tsakanin Kano da Legas wacce ta fi yawan jama'a. Ni a Agege aka haife ni, mahaifina kuma ɗan kasuwar goro ne, saboda haka ina da rabo a garuruwan biyu.

Abu na farko, girman gari ba ya tsayawa wuri ɗaya. Lokacin da Baturen Jamus Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunanta kimanin 30,000 ne, amma idan fatake suka sauka da rani sukan ninka. Jirgin ƙasa ya isa Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, daga nan shanu suka riƙa gangarowa kudu, goro kuma yana hawa arewa. Wannan ciniki ne ya tara kakanninmu har aka kafa unguwar Sabo a Ibadan a 1916. A ƙidayar 1952 Ibadan ce kan gaba da mutum kimanin 459,000, Legas ba ta kai 300,000 ba, Kano kuwa kimanin 130,000. Amma a ƙidayar 1963 sai ga Legas ta haura 660,000, ta wuce Ibadan.

To, musun na yanzu daga ƙidayar 2006 ya samo asali. Sakamakon ya bai wa Jihar Kano miliyan 9.4, Jihar Legas miliyan 9.1. Gwamnatin Legas ta lokacin Bola Tinubu ta ƙi amincewa, ta ce lissafinta ya nuna miliyan 17.5. Sai dai inda muke kuskure a majalisa shi ne haɗa jiha da birni. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, da faɗin ƙasa sama da murabba'in kilomita 20,000, akasarinsa ƙauyuka da gonaki. Ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, wato Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso, mutum miliyan 2.8 aka ƙirga musu. Legas kuwa ita ce mafi ƙanƙanta a jihohin Nijeriya, ba ta kai murabba'in kilomita 4,000 ba, kuma kimanin miliyan 8 na mutanenta a cikin birni suke. Ke nan ko da lissafin gwamnatin tarayya aka bi, a matsayin jiha Kano ce gaba, a matsayin birni kuwa Legas ta ninka ta kusan sau uku.

Yanzu sai mu tambayi kanmu, me wannan cunkoso ya amfana mana? Gaskiya shi ne ya kawo mu. Miliyoyin mutanen da ba su noma dole su sayi abinci kullum, shi ya sa tireloli ke sauke tumatir da albasa da tattasai a Mile 12, ake yanka shanu a mayankar Oko-Oba. Mai shayi, mai tsire, mai gyaran takalmi, ɗan canji, kowa yana samun na tuwo, domin inda mutane suka yi yawa ko allura ka kasa sai ta ƙare. Yaron da ya sauka da jaka ɗaya yakan sami maigida ya ba shi masauki, bayan 'yan shekaru ya tsaya da ƙafarsa.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Tun 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a tsibirin Legas saboda matsatsin gidaje, abin da ya sa Turawa suka kafa hukumar tsara birni a 1928 suka shiga rusau. A watan Yulin 1990 gwamnatin Raji Rasaki ta rushe Maroko, dubban ɗaruruwan talakawa suka rasa matsuguni. Idan fili ya yi tsada, wanda ba shi da takarda shi ake fara tasa. Haka a 2022 aka hana acaba a wasu ƙananan hukumomin Legas, matasanmu da yawa suka rasa sana'a. Ga kuɗin haya, ga mutum shida a ɗaki ɗaya, ga awa biyu ko uku a go-sulo.

Mafi muni shi ne yadda ƙaramar rigima ke zama gobara a wurin da mutane suka cushe. Mun ga Shagamu a 1999, Idi-Araba a 2002, Mile 12 a 2016, sai kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021. Rayukan Hausawa da Yarabawa sun salwanta, dukiyar shekaru ta ƙone cikin kwana ɗaya ko biyu.

Shawarata ga 'yan uwa ita ce, mu rage musun wa ya fi wa, mu duba zamanmu a nan. Tun 2006 ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 ma an ɗage ta. Duk ranar da aka tashi yi, mu tsaya a ƙirga mu a inda muke kwana muke tashi, domin da waɗannan alƙaluma ake lissafin makaranta da asibiti da ruwan famfo. Wanda ya sayi fili ko shago ya nemi takardunsa, mu sa yara makaranta, mu yi rajistar zaɓe, mu kuma ƙarfafa wa sarakunan Hausawa wajen sasanta saɓani da masu masaukinmu tun bai girma ba.

Allah ya zaunar da mu lafiya, ya sa albarka a nemanmu. Wassalam.