Mutumin da Ya Bi Sauro Har Ƙololuwar Bishiya

Duk wanda ya shigo aikinmu na binciken sauro da cututtukan da yake yaɗawa, tambayoyi uku ake fara ɗora masa: wane irin sauro ne, a ina yake cizo, kuma da ƙarfe nawa? Yau ɗalibi kan ɗauka tun asali haka aka faro. Ba haka ba ne. An shafe wajen shekara 30 masana na zaton tambayar farko kaɗai ta wadatar. Wanda ya fi kowa tabbatar mana da nauyin sauran biyun shi ne Alexander Haddow, likita kuma masanin ƙwari, haifaffen Glasgow a 1912, wanda ya yi shekara 23 yana aiki a Yuganda.

Tushen fagen yana Kyuba. A 1881 Carlos Finlay ya tsaya gaban likitocin Habana ya ce sauro ne ke yaɗa zazzaɓin shawara, aka yi masa kunnen uwar shegu. Sai a 1900 tawagar sojan Amurka ƙarƙashin Walter Reed ta tabbatar da maganarsa, ɗaya daga cikinsu, Jesse Lazear, ya rasa ransa a cikin gwajin. Sun kuma gano abin da ya hana gwaje-gwajen Finlay tsayuwa: sauron da ya sha jinin maras lafiya ba ya iya harbin kowa sai bayan kwana 12 ko kusa da haka. Yanzu mun san dalili. Dole ƙwayar bairas ta kama bangon cikin sauron, ta hayayyafa, ta ɓulle zuwa sauran jikinsa, sannan ta isa inda miyaunsa ke fitowa. Macen sauro kan tofa miyau a cikin fata kafin ta zuƙi jini, a nan take miƙa cutar. In ƙwayar ta maƙale a hanya, ko sauron ya mutu kafin ta isa, magana ta ƙare.

Mai laifin da aka kama shi ne Aedes aegypti, sauron gida mai zanen fari a ƙafafu, wanda ke ƙyanƙyasa a randa da tulu da gwangwani. Aka rufe ma'adanan ruwa a Habana, cutar ta kau. Gidauniyar Rockefeller ta ɗauka an gama: a kawar da wannan sauro daga manyan birane, shawara ta bar duniya. Da wannan buri ta buɗe tasha a Yaba, Legas, a 1925. A 1927 aka ɗebi jinin wani matashi mai suna Asibi a ƙasar da ake kira Gana yanzu, aka sa wa birai 'yan Indiya, suka kamu. Daga jinin nan Max Theiler ya samar da allurar rigakafin 17D a 1937, wadda ake yi wa yaranmu har gobe. Amma aikin ya ci rayuka: Adrian Stokes ya rasu a Legas a 1927, Hideyo Noguchi a Akara a 1928. A Yaba ɗin dai Johannes Bauer ya nuna cewa wasu sauraye na daji ma suna iya ɗaukar cutar a ɗakin gwaji. Sai ga shi a 1932 Fred Soper ya tarar da shawara a wani kwari na Burazil inda babu Aedes aegypti ko ɗaya. Burin kawar da ita ya sha ruwa.

Tambayar da aka kafa cibiyar binciken shawara a Entebbe, Yuganda, dominta a 1936 ke nan: ina cutar ke ɓuya idan ba ta cikin mutane? Gwajin jini ya nuna cewa a Bwamba, yammacin Yuganda, gindin duwatsun Rwenzori, mutane da yawa sun taɓa kamuwa ba tare da an ga annoba ba. Birai ma haka, kuma biran Afirka galibi cutar ba ta kashe su, don haka babu mushen da zai yi wa kowa ishara. Haddow ya iso a 1942, ya tare a Bwamba.

Dabararsa ba ta buƙatar wata na'ura. Ya sa aka kafa dandamalin katako a kan manyan bishiyoyi, hawa-hawa, tun daga ƙasa har cikin rassan sama, aka jingina tsani. A kowane hawa masu kamu na zaune, su ne tarkon. Wanda ya taɓa wannan zama ya san yadda yake: ka naɗe wando zuwa gwiwa, ka natsu, sauro ya sauka a ƙwaurinka, ka haska shi, ka kifa masa 'yar siririyar kwalba tun bai soka baki ba, ka toshe da auduga. Da awa ta cika a tattara kwalaben wuri guda, a rubuta lokaci da hawa, a fara sabon lissafi. Haka za a yi ta yi awa 24 ba tsayawa, ana sauya mutane, a sake maimaitawa sau da dama, cikin ruwa da iska. Gari na wayewa sai zaman tantancewa a gaban madubin ƙara girma, ɗaya bayan ɗaya, ana duba zanen baya da na ƙafa.

Da aka jera alkaluman sai daji ya bayyana kamar gidan bene, kowane hawa da mazaunansa da lokacin cin abincinsu. Aedes africanus, wanda da wuya a kama shi a ƙasa da rana, ya cika saman bishiya, kuma cizonsa ya fi tsanani da faɗuwar rana, daidai lokacin da birai ke neman reshen kwana. A bakin daji kuwa, cikin gonakin ayaba da gwaza, akwai Aedes simpsoni, mai ƙyanƙyasa a ɗan ruwan da ke taruwa a gindin ganye, shi kuma da rana yake cizo. Biri ya kamu a sama da magariba, bayan 'yan kwanaki ya sauko satar ayaba da hantsi, simpsoni ya cije shi, bayan kwanaki ya ciji mai gona. Abokan aikin Haddow sun riga sun sami ƙwayar a jikin simpsoni a farkon shekarun 1940, sannan a 1948 Haddow da Kenneth Smithburn da W. H. R. Lumsden suka same ta a jikin africanus. Da sun tsaya a ƙasa suna kamu da safe kawai, da ba su gano rawar africanus ba.

Yadda ake neman ƙwayar ma abin kallo ne. A ware sauraye jinsi-jinsi, a niƙe su a ɗan ruwan magani, a tace, a yi wa fararen ɓeraye allurar ruwan a ƙwaƙwalwa, a zauna jiran wanda zai fara makyarkyata ko ya shanye. Sau da yawa abin da ke fitowa ba shawara ba ce, wata ƙwaya ce da ba wanda ya san ta. Haka cibiyar ta samo West Nile a 1937 daga jinin wata mata, da Semliki Forest a 1942 da Bunyamwera a 1943 daga sauro. A Afrilun 1947 wani biri mai lamba 766, da aka ajiye a dandamali cikin ɗan kurmin Zika kusa da Entebbe, ya yi zazzaɓi. A Janairun 1948 aka sami ƙwayar iri ɗaya a jikin africanus na kurmin. George Dick da Stuart Kitchen da Haddow suka wallafa bayaninta a 1952. Haddow ya shugabanci cibiyar daga 1953 zuwa 1965. A zamaninsa annobar o'nyong-nyong ta 1959 ta kama mutane kusan miliyan 2, aka kuma gano sauron zazzaɓin cizon sauro ne ke yaɗa ta, abin da ba a saba gani ba. A farkon shekarun 1960 ya sa aka kafa hasumiyar ƙarfe mai tsawon ƙafa 120 a Zika, wadda ta zarce bishiyoyin, aka kama sauro mai ɗauke da ƙwayar har a saman kurmin, inda iska za ta iya kwasarsa.

Akwai bashin da fagenmu bai biya ba. Kowane adadi a takardun nan ƙafar wani ce aka ciza. Matasan ƙauyukan Bwamba da na kewayen Entebbe su suka yi hawan, su suka yi kwanan zaune, amma sunayen da duniya ta riƙe na Turawa ne. A yau ba a fara irin wannan kamu sai kwamitin ɗa'a ya amince, an yi wa masu kamun rigakafin shawara, an tanadar musu maganin zazzaɓi. Duk da haka har yanzu wanda ya fi kowa sanin sauro a tawaga yakan kasance ma'aikacin da sunansa ke ƙarewa a sakin layin godiya.

Yammacin Afirka ta gaji dabarar, amma ta tarar da nata sauraye. An buɗe ɗakin binciken bairas a Jami'ar Ibadan a 1964 ƙarƙashin Ottis Causey, inda irin su Akinyele Fabiyi da Oyewale Tomori suka yi aiki. Da shawara ta ɓarke a yankin Jos a 1969, Vernon Lee ya bi sawunta zuwa Aedes luteocephalus, mai ƙyanƙyasa a kogon itace, ɗaya daga cikin waɗanda Bauer ya nuna tun 1928. A jikin wannan sauron ma aka sami Zika a lokacin. A nan ƙasar tamu ta fako tambayar ita ce rani: ina ƙwayar ke zama wata da watanni ba ruwa ba sauro? Masu aiki da Cibiyar Pasteur ta Dakar a Kedugu, kudu maso gabashin Senegal, sun sami ƙwayar shawara a jikin mazan sauro. Namiji ba ya shan jini, ke nan daga uwa ya gada. Ƙwan Aedes kuwa yana jure bushewa har ruwan farko ya sauka.

Daga baya hankali ya koma ɗakin gwaji. Na'urorin yanzu kan karanta ƙwayar halittar bairas cikin kwana guda, aikin da a da sai an yi makonni ana kiwon ɓeraye, kuma ba wanda ke kewar ɓerayen. Sai dai kuɗin bincike ya bi na'ura, masu iya bambance africanus da luteocephalus da ido suka yi ta ritaya ba magada. Da Zika ta bayyana a tsibirin Yap a 2007, ta kai Burazil a 2015 ana haihuwar jarirai da ƙananan kawuna, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a Fabrairun 2016, masana suka koma tono takardun Haddow, wanda ya rasu tun 1978. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: shawara ta dawo Nijeriya a 2017 ta jihar Kwara, a 2019 kuma ta kama mutanen da suka ziyarci dajin Yankari a Bauchi.

Na'ura za ta gaya maka abin da ke cikin sauron da ka kawo mata, amma ba za ta je ta kamo shi ba, ba kuma za ta san ko a reshe ya ciji biri ko a gona ya ciji manomi ba. Abin da muke buƙata a dazuzzukan da biri da makiyayi da manomi ke haɗuwa shi ne tashoshin kamu na dindindin, rani da damina, da matasan yankin da aka horar, ana biyansu albashi, ana kuma sa sunayensu a kan aikin da suka yi.