Kurwa Ce Kuɗi: Daga Matattun Allo Zuwa Mayun Gida

A wasan kwamfuta mai suna Dark Souls, wanda kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a 2011, kurwa ce kuɗi. Ka kashe abokin gaba ka kwashe kurwarsa, da ita za ka sayi takobi, da ita za ka ƙara ƙarfi. Jarumin kuwa matacce ne da kabari ya ƙi: duk sa'ad da aka kashe shi sai ya farka a bakin wuta, kuma ƙarshen irinsa shi ne hankali ya gushe a bar gangar jiki tana yawo. A 2015 kamfanin ya fitar da Bloodborne, inda mutanen birnin Yharnam suka mai da ƙarin jini maganin kowace cuta, har jinin ya rikiɗa su suka zama namun daji.

Mai tsara wasannin, Hidetaka Miyazaki, ba ya ba da labari a miƙe. Yakan warwatsa shi a bayanan zobe da makami da gutsuren maganar wani mahaukaci a lungu. Ya taɓa faɗin cewa yana yaro yakan karanta littattafan da suka fi ƙarfinsa, inda bai gane ba ya cike da tunaninsa. Wannan giɓin ya bar wa masu wasa, su kuma suka duƙufa tawili: wa ya fara kawo jinin, wa ya ci amanar wa, me ya sa wane bai mutu ba.

Wanda ya tashi a Musawa ko Malumfashi ba zai yi mamakin jin ana kama kurwa ba. Abin da zai zame masa baƙo shi ne gawa mai tafiya. Ita ma tana da asali, har kashi biyu.

Kashi na farko daga Sabiya yake. Bayan Austiriya ta karɓe arewacin ƙasar daga Daular Usmaniyya a 1718, jami'anta suka tarar ƙauyawa na tone kaburbura. A 1725 mutanen Kisiljevo suka tono wani mai suna Petar Blagojević, suka soke gawarsa da tsinin itace, bisa zargin yana fitowa da dare yana kashe maƙwabta. A 1732 wani likitan soja, Johann Flückinger, ya rubuta rahoto kan irin wannan a Medveđa, rahoton ya zaga Turai. Sai a 1755 Sarauniya Maria Theresa ta hana tonon. Daga nan labarin ya koma hannun marubuta, Bram Stoker ya fitar da Dracula a 1897, Konami ya sa shi a wasan Castlevania a 1986.

Kashi na biyu ya fi kusa da mu. A Haiti, inda Faransa ta tara bayi daga Afirka ta Yamma da ƙasar Kongo a gonakin rake, zombi ba mai cin mutane ba ne. Mutum ne da boka ya kame wani sashe na ransa ya rufe a kwalba, ya tashe shi daga kabari ya sa shi noma ba lada. Tsoron bawa ke nan: a ce mutuwa ma ba ta 'yanta ka ba. Mamayar da Amurka ta yi wa Haiti daga 1915 zuwa 1934 ce ta kai kalmar Hollywood, fim ɗin George Romero na 1968 kuma ya mai da gawa mai tafiya mai cin nama. Bautar ta zube a hanya.

Bahaushe bai gina nasa tsoron a kan kabari ba. Muna binne mamaci cikin sa'o'i kaɗan, tone kabari kuwa abin ƙyama ne, kuma aƙida ta yanke cewa wanda ya tafi ba ya dawowa. Akwai fatalwa, amma inuwa ce mai firgitarwa, ba ta cizo. Dodonmu na haƙiƙa rayayye ne, yana zuwa suna da ta'aziyya, yana aron turmi. Maye ba jini yake sha ba, kurwa yake kamawa ya ɓoye, mai ita ya yi ta ramewa. Maganin da al'ada ta tanada shi ne a gano shi a sa ya tsallake mara lafiya, ko a kira Sarkin Mayu ya ƙwato kurwar. Yaro ma ya san abin da zai ce in an kafe shi da ido: kurwata kur.

Sai dai maitar ma tana da tarihi, ba a tsaye take wuri ɗaya ba. Pamela Schmoll, wadda ta yi bincike a ƙasar Maraɗi, ta rubuta a 1993 cewa mutane na bayyana maita da ƙanƙara da ke zaune a cikin maye, kuma suna cewa a da gadonta ake yi, yanzu kuwa mai kuɗi na iya saye. Wannan sauyin shi ne ya fi jan hankalina. Maitar gado tana da iyaka, an san gidajen, an san yadda za a zauna da su. Maitar saye ba ta da adireshi. Duk wanda ya yi arziki farat ɗaya ya shiga sahun zargi. A yankin Funtuwa, inda auduga da masara suka daɗe da mai da noma harkar kuɗi, kunne ya saba da kalmomin da suka biyo baya: kuɗin jini, matsafa, 'yan shan jini, 'yan yankan kai. A nan ne jini ya shigo labarinmu sosai, kuma ta ƙofar kasuwa ya shigo. Luise White ta nuna makamancin haka a littafinta Speaking with Vampires na 2000: a Nairobi da Kampala zamanin mulkin mallaka, 'yan kwana-kwana ake zargi da ɗibar jinin mutane don amfanin Turawa. Ba tsohon camfi ba ne, sabon bayani ne kan sabuwar wahala.

To, da maye mai sayen ƙanƙara da ɗan wasa mai sayen takobi da kurwa, tambaya ɗaya suke amsawa: ƙarfin wane, da ran wa aka biya shi?

Murray Last ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970, kuma a 1981 ya fitar da maƙala kan muhimmancin rashin sani. Ya lura cewa a sha'anin cuta da magani mutane sau da yawa ba su san dalili ba, ba su kuma damu su sani ba, ga sirri da ke lulluɓe da sana'ar masu magani. A ganina wannan shi ne giɓin Miyazaki, amma a rayuwa ta zahiri. Hujja gutsi-gutsi ce: yaro ya yi sambatu ya ambaci suna, tsohuwa ta yaba ƙibarsa jiya, an ga baƙin kyanwa a katanga. Mai tawili ya harhaɗa, labari ya tashi, kuma daɗinsa shi ne komai ya dace da komai.

Bambancin yana ga wanda tawilin ya faɗa wa. In masu wasa sun yanke cewa wani limamin Yharnam ne ya jawo annoba, ba wanda zai rasa ɗaki. A ƙauye kuwa zargin yakan sauka kan wadda ba ta da mai tsaya mata, tsohuwar da mijinta ya rasu ko wadda ba ta haihu ba, ya kuma bi 'ya'yan gidan har wajen neman aure. An ce in maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Wadda aka yi wa ƙazafi ma ba ta mantawa, sai dai ita ba a yi mata karin magana ba. Kundin Penal Code na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya sanya zargin mutum da maita cikin laifuffuka, amma dokar ba ta cika isa tsakar gida ba. Sambatun yaron kuwa, a tsakiyar damina, sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, kuma sa'o'in da aka ɓata ana neman mai tsallakewa su ne sa'o'in allura.

A 2009 kamfanin Capcom ya kawo Resident Evil 5 wani ƙirƙirarren yanki na Afirka mai suna Kijuju, ya sha suka kan hoton Bature yana harbin baƙaƙen fata da suka haukace. Da nasa dodon ya zo, wata tsutsa da kamfanin magani ya sarrafa. Bai taɓa maye ba, kuma da wuya ya iya: wasan harbi na bukatar abokin gaba da za a gane daga nesa, maye kuwa sai ya yi sallama an ba shi tabarma.