Damben Kaka a Arewacin Kano

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura da damina, ya ratsa ta Dambatta, zai lura babu daji. Gona na jingine da gona, gero da dawa da wake sun rufe ƙasa har bakin kwalta, kana fita daga wannan ƙauye kana hango rumbunan na gaba. Tun shekarun 1960 masu bincike irin su Michael Mortimore suka rubuta cewa karkarar da ke kewaye da birnin Kano na cikin wuraren da manoma suka fi cunkushewa a Afirka ta Yamma. Mu da aka haifa a ciki mun san haka tun kafin a rubuta. Ba a barin gona ta kwana shekara babu shuka, taki ake kai mata a mangala bisa jaki, kuma daga saukar ruwan fari har kaka, in ka cire dandali da ƙofar masallaci, ko inda yara za su yi langa babu.

Shi ya sa dambe a wurinmu yake da lokacinsa. Sai an yanke gero, an cire gyaɗa, an girbe dawa, an ɗaure kara an jingine, sannan gonar dagaci ko ta wani mai hali a bakin gari ta zama fage. Samari su tone tushiya, su share ƙaya, su baje kunya. Da ruwa ya sake sauka, fagen ya koma hannun mai shi.

Ni ɗan mahauta ne daga wani ƙauye yamma da Dambatta, kuma a zamanin da na buɗe ido, dambe namu ne. 'Ya'yan manoma kokawa suke yi, Fulani na da sharo, 'yan tauri na da wuƙaƙensu. Ɗan malami ko ɗan sarauta kuwa ba ya naɗa hannu, ko kallo ya zo daga baya-baya yake tsayawa. Mutane ba su ɗauki abin da daraja ba, yadda ba su ɗauki fawa da daraja ba, duk da cewa kowa na son nama. Hanyar da dambe ke yawo ita ce hanyar fawa. Da kaka kuɗin gyaɗa na hannun mutane, an biya haraji, an shiga bukukuwan aure, ko'ina ana yanka. Rundawa su tashi ƙungiya guda da makaɗinsu na kalangu, su sauka wajen Sarkin Fawan garin da ake biki. Da safe fiɗa da sayar da nama da tsire, da la'asar kalangun da ya sanar da gari an yi yanka ya juya ya kira samari fage. Baƙi gefe guda, 'yan gari gefe guda.

Ba mu san wani abu wai shi atisaye ba. Wanda ya tashi yana kayar da sa, yana saɓa cinyar saniya daga mayanka zuwa kasuwa, yana tafiya a ƙasa daga kasuwar Dambatta ta ranar Lahadi zuwa gida da kaya a ka, ya riga ya sami ƙarfin da ake nema. Abin da ake koyo wurin ubangida shi ne tsayuwa da haƙuri: yadda za ka buɗe ƙafa ka sauke ƙugu, ka miƙa hannun garkuwa da tafinsa a buɗe, ka janye hannun da aka naɗe can baya, ka jira. Naɗin ma ilimi ne. Tsumma ake fara sawa, sannan a bi shi da zare a ɗaure tamau. In ya yi sako-sako zai warware a tsakiyar wasa, in ya matse fiye da kima hannu ya mutu kafin a gama turmin farko. Akwai layu da kambu da guru, akwai tsagar da ake yi a dantse a shafa magani. Na yi duka, kamar kowa. Na kuma ga mai layu har wuya ya sha ƙasa a hannun yaron da ba ya ɗauke da komai sai bante, amma ban taɓa ganin wanda wannan ya sa ya cire nasa ba.

Dokar ba ta da yawa. Turmi uku ne, babu agogo. Turmi na ƙarewa in zare ya kwance, ko an rungumi juna an kasa rabuwa, ko manya sun ga an gaji sun raba. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Ba a auna nauyin kowa. Kai za ka ratsa fage ka tsaya gaban wanda kake so ka miƙa masa dunƙule. Ya ga dama ya tashi, ya ga dama ya kau da kai, ko manyansa su ce ba sa'ansa ba ne.

To, a wasan da babu kofi, babu takarda, babu mai rubuta sakamako, me mutum ke tafiya da shi gida? Akwai liƙi, ba shakka: kwabo da sisi da sule kafin naira ta shigo a 1973, goro, wani lokaci zakara ko hula. Amma rabin wannan na makaɗi ne, sauran kuma a daren ake cinye shi. Abin da ke zama shi ne labari, kuma labaran ba darajarsu ɗaya ba. Kashe ɗan garinku ba a cika lissafa shi ba. Kashe baƙon da ya zo ya zubar da 'yan uwanka biyu ko uku, wannan ya fi, don ka fitar da gari kunya. Sama da shi, ka bi mutum har garinsu, gaban iyayensa da budurwarsa, ka kashe shi da kwab ɗaya, sannan ka miƙa hannu ka tashe shi. Wanda ya yi wannan, shekara arba'in bayan haka, yana zaune bakin teburin namansa da furfura, yaro zai zo sayen na miya ya ji wani tsoho ya nuna shi yana ba da labarin.

Ma'ajiyar duk wannan makaɗi ne. Shi ke riƙe da wa ya kashe wa, a wane gari, a kakar wace shekara. In ka isa, ya yanka maka take naka na kanka, wanda ko kana bayan gari ka ji an buga ka san da kai ake. Sannan manya su liƙa maka sunan ubangidanka, ka zama Shagon wane, ko Autan wane, ko Bahagon wane in da hagu kake bugu. Da yawa daga cikinmu sun yi shekaru suna sa zare ba su sami take ba.

Ni na shigo ne abin ya fara karkata. Farin 1973 ya kashe dabbobi ya wofintar da rumbuna, cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, kuɗin kaka ya ɓace daga ƙauye. Bikin da a da za a yanka sa biyu ya koma na akuya. Samari suka fara tafiya ci-rani tun kafin a gama sussuka, zuwa birni, zuwa Legas. Makarantar firamare ta kowa da kowa ta zo a 1976 ta kwashi ƙananan. Madatsun ruwan da aka fara ginawa tun zamanin Audu Bako, irin su Tomas a wajenmu da Watari a Bagwai da Gari a Kunchi, sun kawo noman rani. Alheri ne babba, amma saurayin da ke ban ruwan tumatir da albasa daga Disamba zuwa Maris ba shi da la'asar ɗin da zai ɓata a fage.

Kakar 1979 ta ɗan dawo mana da daɗi. Abubakar Rimi ya hau gwamna a watan Oktoba ya soke haraji da jangali, kuɗin da aka tanada don dagaci ya zauna a aljihu, bukukuwa suka yi yawa. A wannan kakar wasu rundawa suka sauko mana daga wajen Kazaure, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, da wani ƙato a cikinsu da ya girme ni ya kuma fi ni jiki nesa ba kusa ba. Ya kashe yayana a turmin farko. Ya kashe wani ɗan kawuna. Ya zagaya fage yana kirari, babu wanda ya motsa a gefenmu. Na tashi. Mahaifina ya riƙo ni ta baya.

"Kai, zauna. Wannan ba sa'anka ba ne."

Na ce, "Baba, a bar ni na gwada."

Ya dubi Sarkin Fawa. Sarkin Fawa ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Bar shi. In ya faɗi, ƙasar ubansa ce."

Ban kashe shi ba. Abin da na yi shi ne na ƙi faɗuwa. Na riƙe abin da ubangidana ya koya mini, na ƙi bin sa, na bar shi yana kawo bugu ina zamewa ta ɓangaren garkuwarsa. A turmi na biyu ya same ni a kunne, duniya ta yi mini shiru, na ga mutane na buɗe baki ba na jin komai, amma gwiwata ba ta sauka ba. A na uku na sami haƙarƙarinsa sau ɗaya, na ji ya saki numfashi. Aka raba babu kisa. Ya dafa kaina ya tambayi ɗan wane ne. A daren nan makaɗin garinmu ya yanka mini take. Daga baya na yi kisa a garuruwa da dama, har da wanda aka ɗauke ni a kafaɗa, amma in tsofaffin garinmu za su ba da labarina, wancan canjaras ɗin suke kawowa. Kunnen kuma har yau bai dawo daidai ba.

A lokacin nan duka kunnuwanmu na kan rediyo da kaset. Makaɗi Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya ɗauki 'yan dambe Shago da Ɗandunawa a waƙa ya kai su inda ƙafarsu ba ta taɓa zuwa ba, har yaron da bai taɓa ganin ƙasar Sakkwato ba ya san su kamar maƙwabtansa. Wannan ya canza mana ma'auni. Take a bakin makaɗin ƙauye ya fara yi wa samari kaɗan. Gidajen dambe na dindindin suka kafu a birane, da katanga da mai karɓar kuɗin ƙofa, ana wasa rani da damina: Sabon Gari a Kano, unguwannin Hausawa a Legas, daga baya gidan Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja. Aka rabu ɓangare-ɓangare, Kudu da Arewa da Jamus da Guramada, yaro ya bi ɓangaren ubangidansa. Aka fara sa babur, aka kai ga mota. Ƙofar fawa ta daina zama ƙofar shiga. Ɗan manomi, ɗan dako, ɗan acaba, duk mai zuciya ya naɗa hannu. Na je Sabon Gari na gwada na ga ba wurina ba ne. Can sana'a ce, ni kuwa ina da tebur da iyali.

Wani lokaci nakan yi tunanin maƙwabtanmu na Nijar. Su gwamnati ce ta ɗauki kokawa tun 1975, aka fara gasar takobi a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ci na farko, kuma jiha-jiha ake tace 'yan wasa daga karkara. A nan dambe da kokawa da langa sun shiga gasar wasanni ta ƙasa, amma babu tsanin da ya taso daga ƙauye ya kai can. Masu gidajen dambe da attajirai masu sha'awa ne suka riƙe abin.

Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 da kafa Hukumar Hisbah a 2003, taron kiɗan da ke haɗa samari da 'yan mata da daddare ya ja baya ƙwarai a karkara. Dama malamai sun daɗe suna magana a kan layu da tsaga, kuma a nan ban ga laifinsu ba. Damben ƙauye bai mutu ba, amma ya bar gona. Yanzu da Sallah ake yin sa, ko in ɗan siyasa ya sa kuɗi, a filin makarantar firamare, da izinin dagaci, a tashi kafin magariba.

Masu cewa 'yan damben yanzu ba su kai na da ba, son zuciya ne na tsufa. Na kalli yaran nan a waya, na je gidan dambe na Ado Bayero Square a Kano na gan su da idona. Sun fi mu sauri, sun fi mu numfashi, suna gudu da asuba, suna sa zare a wata ɗaya fiye da yadda muke yi a kaka guda. Yawancinsu kuma daga ƙauyuka irin namu suka fito, da tsumma suka fara a bayan gida. Kamfanoni irin su Dambe Warriors da African Warriors Fighting Championship, wanda Maxwell Kalu ya kafa, sun kai wasan gaban masu kallo a Turai da Amurka, sun kawo agogo da likita a bakin fage, sun raba 'yan wasa aji-aji bisa nauyi. Likitan nan na yi maraba da shi. Na san mutane biyu a tsararmu da bugu ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, babu wanda ya duba su sai mai sakiya.

Sikelin ne muke gardama a kai da ɗan ƙanena, wanda yanzu yake sa zare a birni. Shi yana ganin adalci ne, ƙato ya sami ƙato, siriri ya sami siriri, a daina karya yara a banza. Ba na iya ce masa ƙarya yake yi. Sai dai nakan tuna masa cewa da akwai sikeli a garinmu a kakar 1979, da ba a bar ni na shiga fage ba. Shi kuma ya ce, "Ai Baba, da yanzu kunnenka biyu."